Wayar gida mai ɗaukar saƙo: Abin da ya kamata ka sani kafin ka saya, yayin da ake rufe tsohon layin tarho

Ranar 31 ga Janairun 2027 ce wa'adin da kamfanin sadarwa na BT ya sanya domin rufe tsohon layin tarho na jan ƙarfe a Birtaniya, layin da ya shafe sama da shekara 100 yana haɗa gidaje da ofisoshi. Faransa ma ta kama hanya, inda kamfanin Orange ke shirin kammala rufe nasa zuwa 2030.

Mai karatu a Kano ko Gusau zai iya cewa ina ruwansa, tunda layin NITEL ya daɗe da zama tarihi a wajenmu. Sai dai wayoyin gida marasa igiya da ake gani a shagunan kayan lantarki da na gwanjo, masu ɗan maɓallin sauraron saƙo a jiki, mafi yawansu don wancan layin aka ƙera su.

Wanda ya sayi irin wannan waya ba tare da ya san haka ba, yana iya isa gida ya rasa inda zai jona ta. Wanda kuma ya saya wa tsohuwar mahaifiyarsa domin ta riƙa samun mutane cikin gaggawa, zai iya tarar da cewa wayar takan mutu a daidai lokacin da aka fi buƙatarta, wato da an ɗauke wuta.

Me ke faruwa a Birtaniya?

Tsohon layin tarho yana da wata baiwa da mutane ba su cika lura da ita ba sai yanzu da ake shirin rasa ta. Wayar jan ƙarfen da ke kawo murya ita ce kuma ke kawo ɗan lantarki mai ƙarfin bolt kusan 50 daga ofishin tarho. Shi ya sa wayar tebur mai igiya ke aiki ko da unguwa gaba ɗaya na cikin duhu.

Sabon tsarin yana bi ta intanet ne. Ana jona wayar a bayan rauta, ita kuma rauta sai da wutar gida. Wuta na ɗaukewa, layi ya tafi.

Da farko an tsara kammala sauyin a Disambar 2025. Guguwar Arwen da ta afka wa ƙasar a ƙarshen Nuwambar 2021 ta bar gidaje kusan miliyan 1 babu wuta, wasu fiye da mako guda, kuma waɗanda aka riga aka mayar kan sabon tsarin sun kasa kira. A Maris ɗin 2022 BT ya dakatar da aikin na ɗan lokaci.

Matsala ta biyu ta fi wannan nauyi. Mutum kusan miliyan 2 a ƙasar, yawancinsu tsofaffi da marasa lafiya, suna rataya wata 'yar na'ura a wuya ko a hannu, wadda suke latsawa idan sun faɗi ko ciwo ya taso, ita kuma ta kira masu agaji ta layin gida. An samu lokutan da waɗannan na'urori suka ƙi aiki bayan sauyin. A Disambar 2023 gwamnati ta sa manyan kamfanonin suka rattaba hannu kan alƙawarin cewa ba za su tilasta wa irin waɗannan mutane sauyi ba sai an tabbatar na'urarsu za ta yi aiki. A Mayun 2024 aka ɗage wa'adin zuwa Janairun 2027.

Hukumar da ke sa ido kan sadarwa a can, Ofcom, ta shimfiɗa wa kamfanoni ƙa'ida: su samar da hanyar da mutum zai iya kiran lambar gaggawa ta 999 na aƙalla awa 1 bayan ɗaukewar wuta, kuma kyauta ga wanda ya dogara da layin gida kaɗai.

Awa 1 ke nan, a ƙasar da ɗauke wuta labari ne da jaridu ke bugawa. A Oktoban 2024 yawancin jihohin arewacin Najeriya sun kwashe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan dakon lantarki, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna. Duk wanda zai zaɓi wayar gida a nan, da wannan ma'aunin ya kamata ya auna ta.

Yadda layin gida ya mutu a Najeriya

Waɗanda suka taso a shekarun 1990 za su tuna gida ɗaya ko biyu a layi da ke da tarho, wani lokaci da ɗan kwaɗo a maƙale a jiki don kada yara su buga. A can ake kiran maƙwabta, a aiko yaro da gudu ya ce an kira ka, za a sake bugowa nan da minti goma.

An kafa NITEL a 1985. Zuwa 2001 layukan da ke aiki a faɗin ƙasar ba su wuce kimanin 400,000 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 120. A Janairun wannan shekara aka yi gwanjon lasisin wayar salula kan dala miliyan 285 kowanne, MTN da Econet suka fara aiki a Agusta, Glo ya biyo baya a 2003 da tsarin cajin kira na daƙiƙa-daƙiƙa.

Daga nan NITEL ya fara gangara. An damƙa shi ga Pentascope a 2003, aka sayar da kaso mafi tsoka ga Transcorp a 2006, gwamnati ta soke cinikin a 2009, daga ƙarshe NATCOM ya sayi kadarorinsa kan kusan dala miliyan 252, ya fito da sunan ntel a 2016.

A tsakanin nan an yi yayin wayoyin girke na Starcomms da Multi-Links da Visafone, masu 'yar eriya a baya, waɗanda suka cika shaguna da rumfunan buga waya. Su ma sun kau. MTN ya saye Visafone a 2016.

Layin girke bai ɓace kwata-kwata ba. Bankuna da manyan kamfanoni na amfani da shi ta intanet, kuma daga Janairun 2024 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta sauya tsarin lambobinsa: 01 na Legas ya koma 0201, 09 na Abuja ya koma 0209, 064 na Kano ya koma 02064. Amma gidan talaka da na mai matsakaicin ƙarfi, wayar salula ce ta gaje shi, da layuka sama da miliyan 160 masu aiki.

To me ya sa wani zai nemi wayar gida yanzu?

Wayar salula ta mutum ɗaya ce, tana bin aljihunsa duk inda ya je. Akwai wuraren da lambar ta fi dacewa da zama ta wuri.

Ɗauki ƙaramin asibiti ko shagon magani. Idan lambar da jama'a suka sani tana wayar ma'aikaci guda, ranar da ya bar aiki ko aka ƙwace wayarsa a adaidaita, kwastomomi sun tafi da shi. Haka makarantar Islamiyya da iyaye ke son samun malamai, da shagon ɗinki, da gidan saukar baƙi.

A gida kuma akwai tsofaffin da allon taɓawa ke ba su wahala, ko idonsu ba ya ganin ƙananan rubutu. Akwai iyayen da ba sa son bai wa yaro ɗan shekara 10 waya mai intanet, amma suna son su ji muryarsa idan ya dawo daga makaranta. Waya guda da ke zaune a falo, mai ƙarar da ake ji har tsakar gida, tana biyan wannan buƙata.

Batun kuɗi ma ya shigo. A Janairun 2025 NCC ta amince wa kamfanoni ƙarin farashin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100. Magidancin da ke sa wa wayoyi biyar kati zai iya ganin layi ɗaya na kowa da kowa ya fi masa sauƙi.

Tambayar farko: ina za ka jona ta?

Wayar gida marar igiya kashi biyu ce. Akwai uwa, wadda ke zaune wuri ɗaya a jone da wuta da layi, akwai kuma 'yar hannu da ake yawo da ita, wadda ke magana da uwar ta rediyo. Rashin igiyar tsakanin su biyun ne kawai. Uwar sai an kawo mata layi daga waje.

Idan ka juya bayan uwar ka ga ɗan ƙaramin rami mai kusurwa huɗu da ake cusa igiyar tarho, to ba ta da wurin sa SIM, kuma ita kaɗai ba za ta yi kira ba. Hanyoyi uku ne ke gabanka.

Ta farko, rauta mai ramin waya. Wasu rautocin 4G da na intanet ɗin faiba suna da shi. Kasancewar ramin ba ya nufin yana aiki, domin sai kamfanin da ya ba ka intanet ya buɗe kiran murya a kai. Ka tambaye su kafin ka kashe kuɗi.

Ta biyu, wani ɗan akwati da ake sa wa SIM, shi kuma ya fitar da layi irin na tarho. Da shi tsohuwar wayar gida ke komawa aiki kan layin MTN ko Airtel ko Glo.

Ta uku, wayar da aka ƙera da wurin SIM a jikinta tun daga masana'anta. Irinta ce aka fi samu a kasuwannin waya kamar Farm Centre da Beirut a Kano, ko Banex a Abuja. Galibi tana da batir a ciki, kuma ita ta fi sauƙin sha'ani ga mafi yawan gidaje. Rauninta shi ne da yawa daga cikin masu araha 2G kaɗai suke kamawa. Har yanzu 2G na aiki sosai a Najeriya, amma ƙasashe da dama sun fara kashe shi, Birtaniya ta ce nata ba zai wuce 2033 ba. Wanda ke son wayar da za ta daɗe ya nemi mai 4G da ke iya kiran murya a kansa.

Akwai kuma samfuran Panasonic da VTech da ke haɗuwa da wayar salula ta Bluetooth, ta yadda kiran da ya shigo salularka zai yi ƙara a duk 'yan hannun da ke gidan. Amfaninsu na tsayawa ne da zarar mai salular ya fita da ita.

Idan an ɗauke wuta fa?

A nan mutane da yawa ke yin kuskure. Suna ganin 'yar hannu cike da caji, sai su ɗauka komai lafiya. Idan uwar ba ta da wuta, 'yar hannun ta zama hoto, kuma na'urar ɗaukar saƙon da ke cikin uwar ta tsaya.

Wasu samfuran Panasonic na da dabarar da batirin 'yar hannu ke ciyar da uwar na ɗan lokaci idan aka ɗora ta a kai. Wannan na taimakawa, amma idan layin ta rauta yake zuwa, ita ma rautar tana buƙatar nata tanadin.

Abin sauƙin shi ne waɗannan na'urori ba su da cin wuta, wat kaɗan ne. Gidan da ke da sola ko inbata ba shi da damuwa. Wanda ba shi da su zai iya sayen ƙaramin batirin ajiya irin wanda ake sa wa rauta, bayan ya tabbatar ƙarfin bolt ɗin da yake fitarwa ya yi daidai da wanda aka rubuta a jikin cajar wayar.

Tanadin wuta a gida ma ba ya maganin komai. Wayar da ke kan SIM tana dogara da turken sadarwa na unguwa, wanda shi ma da dizal yake rayuwa. Lokacin da gwamnati ta rufe sabis a Zamfara a Satumbar 2021, sannan a wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, irin wannan waya ba ta da wata fita. Mai bi ta intanet kuma na tafiya ne da lafiyar intanet ɗin, kamar yadda aka gani a Maris ɗin 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma. Gidan da ke da mara lafiya ya kamata ya ajiye ƙaramar salula mai maɓalli da caji, kan layin wani kamfani daban.

Ta Amurka ko ta Turai?

Yawancin wayoyin gida marasa igiya na zamani suna aiki da tsarin da ake kira DECT, wanda aka ɓullo da shi a Turai a farkon shekarun 1990. A sarari yana kai mita 300, a cikin gini kuma kusan mita 50. Gidan bulo mai katanga da yawa ko bene mai kankare zai rage wannan nisa, don haka a sa uwar a tsakiyar gida, nesa da bayan talabijin ko firji.

A Turai tsarin na amfani da zangon rediyo na megahaz 1880 zuwa 1900. A Amurka da Kanada, inda ake rubuta DECT 6.0 a kwali, zangon 1920 zuwa 1930 ne. Lambar 6.0 ba alamar sabon samfuri ba ce, sunan kasuwa ne kawai. Matsalar ita ce a ƙasashe da yawa wajen Amurka wannan zango na cikin wanda wayoyin salula ke aika sigina ta 3G, don haka wayar na iya damun sabis ɗin maƙwabta, ita ma a dame ta. Doka ta ce na'urar sadarwar da za a sayar a Najeriya sai NCC ta tantance nau'inta.

Sai batun lantarki. Amurka na amfani da bolt 120, Najeriya 230. Cajojin wayoyin gida da yawa na Amurka 120 kaɗai suke ɗauka, ana sa su a soket ɗinmu sun ƙone. A duba jikin cajar: idan an rubuta 100 zuwa 240, babu matsala. Kayan Birtaniya sun fi dacewa da mu, domin ƙarfin wutar da bakin filogin duk iri ɗaya ne.

Kasuwar waɗannan wayoyi kanta tana tsukewa. Gigaset na Jamus, ɗaya daga cikin manyan masu ƙera su a Turai, ya shiga matsalar karyewar jari a Satumbar 2023, kuma a 2024 rukunin VTech ya sayi harkar. Wannan dalili ne na zaɓar samfurin da kayan gyaransa ba sai na kamfanin ba. Mai amfani da batir ƙanana na AAA masu caji ya fi mai ƙunshin batir na musamman, wanda idan ya mutu ba lallai a same shi a kasuwa ba. Kada a sa mata batirin rimot na yau da kullum, domin ba a cajinsa, yana iya zubewa ya lalata wayar.

Na'urar ɗaukar saƙo: za a yi amfani da ita kuwa?

Aikinta shi ne idan waya ta yi ƙara babu wanda ya ɗauka, sai ta amsa da muryar da aka naɗa, mai kira ya bar saƙo. Saƙon na zaune a cikin uwar, fitila na ƙiftawa, kowa a gidan zai iya latsa maɓalli ɗaya ya saurara ba tare da kati ko data ba. Ga tsohon da bai iya karatu ba, wannan ya fi saƙon tes nesa ba kusa ba.

Sai dai a yi la'akari da ɗabi'armu. Mun saba da filashin, mun saba da sake bugawa sau uku, mun kuma saba da tura saƙon murya ta WhatsApp. Da zarar na'urar ta amsa, kuɗin mai kira ya fara tafiya. Wanda ya ji muryar Baturiya na magana da Turanci zai kashe ne yana ƙorafin an cinye masa kati.

Saboda haka wanda zai saya ya nemi wadda ke ba da damar naɗar gaisuwa da muryar mai gida. Sallama, sunan shagon ko asibitin, da roƙon a faɗi suna da buƙata, cikin daƙiƙa 10, ya wadatar. A nemi kuma wadda ake iya saita yawan ƙarar da za ta yi kafin ta amsa. Dattijuwar da ke alwala a tsakar gida ba za ta iso falo a ƙara uku ba.

Yawan mintunan da take iya ajiyewa ya bambanta, daga kusan 15 zuwa awa guda. Gida ba ya buƙatar mai yawa, wurin kasuwanci yana buƙata. A tambaya kuma ko saƙonni da agogon na tsira idan wuta ta ɗauke, domin saƙon da ba a san ranar da aka bar shi ba amfaninsa ragagge ne.

Akwai batun sirri. Yawancinsu na ba da damar bugowa daga waje a saurari saƙo da lambar sirri, kuma suna fitowa daga masana'anta da lamba mai sauƙin zato. A sauya ta ranar farko. A gidan da ke da jama'a, saƙon da ke fita ta lasifika kowa na ji, don haka asibiti ko ofishin lauya su saurara ta 'yar hannu. Kada kuma gaisuwar ta sanar cewa mutanen gida sun yi tafiya.

Wayoyin girke masu SIM da yawa ba su da wannan na'ura a jiki, sun dogara ne da akwatin saƙon murya na kamfanin layi. Idan ɗaukar saƙo ne dalilin sayen, a gwada a shago: a sa SIM, a buga, a bari ta amsa, a saurara.

Sunan wa ke kan layin?

Tun Disambar 2020 aka fara haɗa layuka da lambar NIN, kuma an rufe miliyoyin da ba a haɗa ba bayan wa'adin Satumbar 2024. Layin gida ko na shago ya kamata ya kasance da sunan mai gidan ko mai shagon, kada a bar shi da sunan yaron shago da zai iya tafiya gobe.

Layin da ake karɓar kira kawai da shi ma yana buƙatar kulawa. Wanda ya yi watanni shida babu wata hada-hada a kansa na iya rufuwa, daga baya a sake sayar da lambar ga wani. A riƙa sa masa kati ana kira lokaci-lokaci. Kada kuma a haɗa shi da asusun banki, tunda waya ce da kowa ke taɓawa.

Ga tsofaffi, a duba girman maɓallai da ƙarfin ƙara, da damar ajiye lambobi biyu ko uku da latsawa ɗaya za ta kira. A sa lambar ɗa ko maƙwabci, a kuma rubuta 112, lambar gaggawa ta ƙasa, a jikin bango kusa da wayar.

Abin da ya rage ga hukumomi

Darasin Birtaniya shi ne hukuma ta tsaya ta tambayi wa zai cutu idan layi ya yanke, ta kuma ɗora wa kamfanoni alhakin tanadi, har aka ɗage wa'adi da wata 13 saboda tsofaffi. Yayin da intanet ɗin faiba da rautocin 4G da 5G ke ƙara shiga gidaje a Najeriya, NCC na da damar yin irin wannan tambaya tun da wuri: ko kamfanin da ya sayar da layin murya ta rauta zai faɗa wa mai saye ƙarara cewa ba ya aiki sai da wuta, da kuma wane sanarwa za a bai wa masu wayoyin 2G kafin ranar da za a kashe shi.

Kafin nan, nauyin na kan mai saye. Ya tafi kasuwa da SIM ɗinsa, ya duba bayan uwar da jikin cajar, ya sa a gwada kira da ɗaukar saƙo a gabansa, sannan ya ce a zare ta daga soket ya ga ko za ta ci gaba da aiki.